Tukunyar da Ta Ƙi Tashi

Ban taɓa kurɓar giya ba, amma na taɓa dafa ta, kuma duk ƙasar Kurfai ba na jin an yi wanda giya ta raina kamar ni. Yau da soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya, na aje aiki, furfura ta cika mini haɓa, yara suna rusunawa su ce Alhaji. Nakan amsa da murya mai nauyi, kamar mutumin da bai taɓa durƙusawa gaban tukunya yana lallashinta ba.

A zamanin soja ne, shekarar da ruwa ya dawo bayan fari na biyu. Ina saurayi, ina aiki a ofishin likitan dabbobi na Filinge, ina bin rugage da akwatin ƙanƙara ina yi wa shanu allura, wato 'yan waɗanda fari ya rage. Babana ya tafi bakin teku neman abin da za mu ci, bai dawo ba tukuna. Gida ya rage daga ni sai Inna mahaifiyata, da ƙannena, da kakana na wajen uba wanda kowa ke ce wa Tsoho. Shi kuwa Lokotoro yake ce mini, wato likita, don tsiya irin ta kaka da jika. Yakan ce tunda na fara aiki shanun ƙasar suka ƙare.

Tsoho ya kama salla tun kafin a haife ni, kuma ba a raba shi da sahun gaba. Amma ubansa shi ne mai kula da wani dutse a gindin tsaunin da ke bayan gonarmu, inda mutanen zamanin da kan zuba giya kowace kaka. A tsakiyar yunwa, ranar da aka binne yara biyu a gidan maƙwabtanmu, Tsoho ya sulale ya je wurin dutsen nan. Ya yi alkawari cewa in gidansa ya sake ganin hatsi ba a binne kowa ba, to farkon sabon hatsi na dutse ne, kuma giya za a yi da shi. Bai faɗa wa kowa ba. Ruwa ya zo, hatsi ya nuna, muka cika rumbu, ba mu rasa ko jariri ba. Ranar da Inna ta dama furar sabon hatsi ta kai masa, sai ya ture ƙwaryar da bayan hannu.

"Sabon hatsi ba shi shiga bakina sai dutsi ya sha nashi," in ji shi.

Da farko dariya muka yi. Da muka ga ba wasa yake ba, na ɗauko masa limamin unguwa. Malam ya zauna ya warware masa komai a tsanake: alkawarin da aka ɗaukar wa dutse ba alkawari ba ne, ya yi istigfari, ya ci abincinsa. Tsoho ya saurara yana gyaɗa kai, ya raka malam har zaure, ya dawo ya ce mini abin da malam ya faɗa duk gaskiya ne. "Sai dai dutsi bai yi karatu ba."

Tsohon hatsi babu shi ko ƙwaya a garin. Abin da ya rage masa sai jar dawar taimako da ake rabawa, ita kuwa cikinsa ba ya riƙe ta, yana ci tana wucewa. Ga rumbu cike a tsakar gida, ga mai rumbun yana ramewa a gabansa. Inna ta taɓa gwada dabara, ta zuba masa garin sabon hatsi kaɗan a cikin kunun dawa. Yana kai ludayi hanci ya aje. Daga ranar ya daina karɓar komai daga tukunyarta, sai ɗan nono da dafaffen ganye da aka yi a kan idonsa. Wata rana haushi ya kama ni, na ce masa in ya mutu da yunwa sai dutsen ya sha me. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya ya fuskanci bango.

To wa zai dafa giyar? Matan da suka iya sun mutu, wadda ta rage ta je Makka ta dawo, ko gaishe ta da wannan magana ba ka isa ba. Na tambayi Tsoho yadda ake yi, tunda ya sha ta a ƙuruciya. Ya ce shi sha kawai ya sani. "Kai da kaka shan hura kullum, ka iya daka?" Inna ta ce ita hannunta ba ya taɓa wannan abu. Ta faɗi haka tana kallona, shi ma yana kallona. Haka aiki ya faɗo kaina, mai takardar lakkol, wato boko.

Akwai matar wani gardi, irin dogaran nan na gwamnati, 'yar kudu ce daga can ƙetaren kogi, wadda ake raɗe-raɗin tana dafawa a bayan bariki. Na yi kwanaki ina zagaya gidanta kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Lokacin nan ma'aikacin gwamnati kan ji korarsa a rediyo yana cikin shan shayi, abin da bai kai wannan ba ma ya ci mutane. Da na samu na shiga, sai na ce mata wata saniya ce cikinta ya kumbura, likita ya ce a ba ta giya. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta tambaye ni ko saniyar tana salla. Sannan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta zaunar da ni, ta karanta mini aikin da guntuwar Hausarta: a jiƙa hatsi, a shimfiɗa a rufe har ya yi tsiro, a shanya, a daka, a dafa sosai, a tace, a bari ya huce. Ta ɗauko wata kwalba mai ruwa fari-fari, da laka kwance a gindi. Ta ce wannan ita ce uwa, da rai take, ita ake zubawa a tukunya, kafin gari ya waye za ta tashi ta yi kumfa tana magana. Ta ɗaga yatsa ta ce kada in bari uwar ta mutu. Bayan kwana biyu aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, na ga ta a bayan babbar mota bisa kayanta, tana ɗaga mini hannu. Duk ilmin giyar da ke Filinge ya bi hanyar Yamai, babban birni.

Kada in bari ta mutu. Wannan kam fannina ne. Duk wani abu mai rai da na sani a cikin kwalba, zafi ne ke kashe shi, haka aka koya mana, kuma a kan haka ake korar mutum. Na kai uwa ofis na sa ta cikin firjin kananzir, tsakanin kwalaben allurar shanu. Shugabana ya gan ta ya tambaya, na ce ruwan tumbin wata saniya ce da nake bincike a kai. Ya yaba mini ƙwarai, ya ce irinmu ƙasa ke bukata, har ya so ya aika da ita Yamai a duba. Da ƙyar na shawo kansa cewa binciken bai nuna ba.

Tsiro bai ba ni wahala ba, hatsi ya san aikinsa. Daka ce ta tona mini asiri. Na kulle ƙofar gida na kama taɓarya, ina bugawa kamar mai kashe maciji, tsiro yana tsalle yana fita daga turmi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan darni ta tambayi Inna ko lafiya, ta ji dakan nata yau kamar na mai ciwon kafaɗa. Inna ta fizge taɓaryar ta ce mini ita kunu take dakawa, abin da ya biyo baya tsakanina da Ubangijina. Na dafa, na tace, na ɗanɗana. Zaƙi kamar an zuba zuma, kuma halal ne tsaf, kunun tsiro ne kawai.

Da na zo zuba uwa sai na tsaya da kwalba a hannu. Tun ina yaro ban taɓa fara wani abu ba bismilla ba, ko ɗaure jaki ne. Yanzu in yi bismilla a kan giya? In kuma ban yi ba, yaya abu zai yi albarka? Na daɗe a tsugune ina fatawa da kaina, daga ƙarshe na yi gyaran murya kawai na zuba. Rabi na zuba, na mayar da rabi firji, don ma'aikacin kirki ba ya ƙarar da kaya a fita ɗaya. Sannan na nemi wuri mafi sanyi a gidan, bayan randunan ruwa, na tona jiƙaƙƙen rairayi na kafa tukunyar, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ga shi sanyin kaka ya fara shigowa. Na koma gefe na duba aikina, na ji daɗi.

Gari ya waye, na buɗe. Ruwa kwance lumui, har ina ganin fuskata a ciki. Na ce wataƙila uwar baƙuwa ce, sai ta saba da wuri. Na ƙara jiƙa buhun. Washegari ma haka. Na ɗauko sauran rabin daga firji, da sanyinsa da komai, na juye. Shiru. Na ari abin sauraren ƙirji na ofis, wanda muke ɗora wa shanu, na durƙusa na manna shi a cikin tukunya ina saurare, na matsa nan, na matsa can. A haka Inna ta same ni. Ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta tambaya ko mara lafiyar zai tashi. Ban ji komai a tukunyar ba sai bugun zuciyata.

Addu'a ma ta gagare ni. In na idar da salla na ɗaga hannu, sai in rasa yadda zan jera maganar. Ba na iya cewa Allah ka tayar mini da giya. Sai in ce Allah ka ba Tsoho lafiya ta hanyar da ka fi sani, ina satar kallon wajen randuna. Kowace safiya nakan tsoma ɗan yatsa in kai baki, sai in tsaya, don ban san ko a daren ta haramta ba. In na shinshina kuma, ƙamshin kunu ne. Ban san ko an taɓa yin wani musulmi da ya yi baƙin ciki don abinsa ya ƙi haramta ba, amma ni na yi, har na kasa cin tuwo.

Ba ni da wanda zan tambaya. Duk wanda na tambaya me ke hana giya tashi, tambaya ta biyu tasa ce, kuma ba ni da amsarta. Na je kasuwar Lahadi na tsaya wurin masu nono ina zagaye-zagaye, ina tambayar me ke sa nono ya ƙi kwana. Wata tsohuwa ta ce baki ne, ko kuma mai ƙwaryar ba shi da tsarki. Na dawo gida na sake wanka.

Shi kuwa Tsoho ya daina zuwa masallaci, daga baya ya daina fitowa tsakar gida. Zoben azurfar da ke hannunsa ya fara zamewa, sai ya ɗaura shi da zare a wuya. Sanyi ya shige shi, Inna ta riƙa aje masa kaskon garwashi a ɗaki dare da rana. In na shiga gaishe shi ba ya tambayata tukunya, sai ya ce, "Lokotoro, shanu nawa ka kashe yau?" In yi dariya in fito, in tsaya bayan ɗaki. Tsoro nake ji ƙwarai. Na ga dabbobi da yawa a shekarar fari, na san yadda ido ke komawa in jiki ya fara cin kansa, kuma na ga idon a fuskar kakana. Har na yi tunanin in ɗauki kunun nan haka in ce masa ya tashi. Amma mutumin da ya gane garin hatsi a cikin kunun dawa ba za a yi masa wannan ba.

Maƙwabciyar nan ce ta cece mu, ba da saninta ba. Ta shigo da rana tana jin ƙishi, ta ɗauki moɗa ta nufi randuna, ta kai hannu kan faifan tukunyata. Inna ta yi wani tsalle da ban san tana da shi ba, ta ce wannan jiƙon magani ne na Tsoho. Da matar ta fita, Inna ta ce in kwashe kayata daga wurin ruwanta yanzu-yanzu, in kai inda na ga dama. Ɗaki ɗaya ne a gidan da ba mai shiga ba sallama. Na rungumi tukunyar na kai ta ɗakin Tsoho, na aje a lungu, nesa da garwashi iyakar iyawata.

Tsoho ya ce in matso da ita kusa da gadonsa. Ya taɓa cikinta ya janye hannu, ya ce wannan ai gawa ce. Ya sa na kwance jiƙaƙƙen buhun, ya jawo bargonsa ɗaya ya lulluɓe ta. Na yi masa bayani irin na lakkol, cewa abin da ke ciki mai rai ne, zafi kashe shi yake yi, ni aikina ke nan. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani baƙo ba ya kwana a ɗakinsa ba mayafi. "In mutuwa za ta yi, bar ta ta mutu da ɗumi." Na fita na bar su, tsoho da tukunya, kowanne na riga na yanke masa ƙauna. A raina har na fara lissafin wa zan aika bakin teku ya gaya wa babana.

Kwana ɗaya ya wuce ban ko ɗaga bargon ba. A safiya ta biyu, na dawo daga masallaci, sai na ji yana kira da 'yar muryar da ta rage masa.

"Lokotoro, taho ka ji. Mara lahiyarka na magana."

Ban bukaci abin sauraren ƙirji ba. Tun daga bakin ƙofa ake jin ta, wani sii-sii a hankali, kamar an zuba ruwa a kan toka mai zafi. Na ɗaga bargo, kumfa ta ture faifai tana gangarowa ta gefe, wani wari mai tsami ya bugi hancina. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sannan na tuna a kan me nake faɗa, na kama bakina. Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na zauna a ƙasa kusa da tukunyar, hawaye suna zubo mini, ina jin kunyar su kuma na kasa tsayar da su. Ashe duk kwanakin nan ba mutuwa ta yi ba, sanyi take ji, ni kuwa ina ta ƙara mata ruwa a buhu. Inna ta riƙe wannan har ƙarshen ranta. Bayan shekaru, lokacin da jam'iyyu suka zo, in na dawo gida ina ɗaga murya ina bayanin yadda za a gyara ƙasa, sai ta ce, "Mai tukunya, sauke murya," in kuwa sauke.

Muka bar ta ta yi kwana guda tana aikinta. Tsoho ya shinshina ya ce ta yi. Da sassafe, kafin mutane su fito, na ɗora shi a kan jaki, ba nauyi kamar na ɗauki dami ɗaya. Tukunya kuwa ba ta zama a jaki, sai a kai. Haka na bi hanyar gona, ma'aikacin gwamnati da gammo, kumfa tana bin wuyana tana shiga riga, ina tafe ina lissafin wanka nawa zai fitar da ni. Inna tana biye da mu daga nesa da ƙwarya a rufe. Tun asuba ta daka fura, ta samo nono a wata ruga da nake yi wa allura.

Dutsen bai kai yadda nake zato ba. Baƙi ne, bai fi turmi girma ba, rabinsa a cikin ƙasa, kashin awaki ko'ina. Wannan ne ya hana kakana cin abinci. Na sauke Tsoho, na aje masa tukunya, na juya baya ina a'uzu billahi, don ni ban yarda da dutse ba, kuma har yau ban yarda ba. Amma kunne ba ya juya baya. Na ji ya kasa ɗaga tukunyar, ya karkata ta kawai, giya tana kwarara a ƙasa. Na zaci zai yi wani kirari na mutanen da. Sai na ji yana magana a hankali, yadda ake yi wa maƙwabcin da aka daɗe da sani ba a shiri.

"Ga naka, na cika. Yaron ga da yad dahwa ta bai san ka ba, ɗiyanshi ma ba su sanin ka. Kak ka bi su. In da saura, ni za ka bi, ni kau ban da nisa."

Sai a lokacin na gane kallon da ya yi mini ranar da na ce in ya mutu dutse ya sha me. A wurinsa alkawarin ba ya mutuwa da mai shi, gado ake cinsa kamar gona. Ni ina ganin taurin kai ne na tsufa, shi kuwa yana tsaye ne a bakin ƙofa da yunwarsa don kada abin ya shigo kanmu. Ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya yi istigfari sau da yawa, ya ce in kife tukunyar a nan, ba mai sake bukatarta.

Inna ta matso ta durƙusa ta buɗe ƙwarya. Tsoho ya yi bismilla, ya ɗebi ludayi ɗaya, ya riƙe furar a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Ya sha na biyu, ya sha na uku. Ya ce hatsin bana ya yi, sai dai mai dakan ta yi gaggawa. Inna ta ce to, tana share ido da bakin zane. Sannan ya miƙo mini ludayin.

"Karɓi, Lokotoro. Wagga kam kana iya ɗanɗanawa."